Ziyarar duwatsun Abzin: tambayoyin da ake yawan yi mini da amsoshinsu

Tun da na dawo daga Abzin na nuna wa 'yan'uwa hotunan lambunan Timiya, wani gari a cikin duwatsun, tambayoyi ba su yanke mini ba. Har akwai wanda ya yi mini musu cewa ba a Nijar aka ɗauki hoton ba, wai ina za a samu lemo da rumman a ƙasar raƙuma. Ni a Damagaram na tashi, kakana kuma fatoma ne, a gidansa ayarin gishiri ke sauka idan sun iso da rani. Na girma ina jin sunayen garuruwan nan a bakin tsofaffi, sai da na manyanta Allah ya nufe ni da taka su.

Wai ina ne Abzin ɗin, ba duk hamada ba ce?

Ba duka ba. Abzin, wanda mutanensa ke kira Ayar, jerin duwatsu ne a arewacin Nijar, cikin jihar Agadas, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 84,000. Rairayin Tenere yana gabas da shi, filin Azawak yana yamma. Duwatsun baƙaƙe ne ƙirin, wasu daga cikinsu tsofaffin masu aman wuta ne da suka daɗe da mutuwa. Mafi tsawo shi ne Idukal-n-Tages a kan tudun Bagzan, mita 2,022, kuma babu inda ya fi shi tudu a duk Nijar.

Rayuwar wurin tana cikin ƙoramu ne. Ruwan da ya zuba a kan dutse yakan gangaro ya nutse cikin yashin ƙorama, sai a haƙa rijiya ba da nisa ba a same shi. Shi ya sa za ka yi rabin yini ba ka ga ganye ko ɗaya ba, kana shan kwana sai ga goruba da gawo da dabino sun cika kwari.

Me ya haɗa Bahaushe da wannan ƙasa da har zai niƙi gari ya je?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka Abzin wurin yawon Turawa ne, alhali kuwa ƙarshen hanyarmu ce ta arewa tun kaka da kakanni. Gobirawa kansu suna faɗa cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir har gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas neman ilmi. Unguwar Agadasawa tana nan a birnin Kano ba ta tashi ba.

Sai kuma ayari. Da kaka, wajen watan Oktoba, mazan Kel Ewe, wani reshe na Abzinawa da ke Timiya da Bagzan, sukan ɗaure wa raƙuma gero da ciyawa su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su sayo kantun gishiri da dabino. Idan sun dawo gida sun ɗan huta, sai su nufo kudu, Damargu, Damagaram, har ƙasar Kano da Katsina, su kwashe watanni raƙumansu na cin karan gonaki suna zuba taki. Da za su koma sai su ɗauki gero da turkuɗin Kura, wanda da shi ake naɗa rawani mai ƙyalli. Shugaban ayarin da su ma madugu suke ce masa. Takobinmu su takoba suke kira, amawalin rawaninmu su amawal. Manyan motoci sun cinye yawancin wannan fatauci, amma bai mutu ba, kuma duk dattijon da ka zauna da shi a Timiya zai lissafa maka ƙauyukan ƙasar Hausa da kai ɗan ƙasar ba ka taɓa zuwa ba.

Ta ina ake bi?

Ƙofa ɗaya ce, Agadas. Mai tasowa daga Kano zai bi ta Daura ko ta Ɓaɓura ya shiga Damagaram, daga nan kilomita wajen 450 ne ta Tanut da Adarbisinat. Mai tasowa daga Yamai ko Sakkwato zai bi ta Birnin Ƙonni, Tawa da Abalak. Daga Yamai tafiyar ta kusa kilomita 950. Akwai filin jirgin sama na Mano Dayak a Agadas.

Daga Agadas zuwa cikin duwatsu babu kwalta sai ta hanyar Arlit da ke bi ta gefen yamma. Sauran duk tsakuwa ce da yashi, sai Land Cruiser ko Hilux. Timiya kilomita 220 ce ko kusa da haka, amma kada ka auna da kilomita, ka ware mata yini guda cur.

Ɗan Najeriya ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin shawara. An rufe iyakar ƙasashen biyu daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga Ecowas a Janairun 2025, saboda haka ka tambayi direbobin tasha halin da boda take ciki a makon da za ka tashi, kada ka dogara da labarin bara.

Maganar tsaro fa? Ba mu jin labari mai daɗi.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin tsoro, kuma wanda ya ce maka babu ba masoyinka ba ne. An yi tawaye a yankin a shekarun 1990, aka sake yin wani daga 2007 zuwa 2009. Na biyun a Iferwan ya fara, a watan Fabrairun 2007, har garin ya watse, aka kuma binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Tun da aka gano zinariya a arewa a 2014 zirga-zirga ta ƙaru, 'yan fashin hanya ma suka ƙaru. A 2025 an sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Baƙi 'yan ƙasashen waje ba a barinsu su shiga daji sai da izinin hukuma da rakiyar sojoji.

Amma kuma mutane na zaune a garuruwansu, motocin albasa na sauka Agadas kullum, ana biki ana suna. Abin da nake ba da shawara shi ne ka sami ɗan jagora haifaffen duwatsun, ba wanda ya san Agadas kawai ba. Ka sanar da jandarmomi inda za ka da ranar dawowarka. Kada a yi tafiyar dare, kada direba ya bar sawun da motoci ke bi don neman yanke. Idan jagoranka ya ce yau ba za a bi ta wuri kaza ba, kada ka tsaya neman dalili, ya ji abin da kai ba ka ji ba. In kuwa mutanen gari suka ce maka a bari sai baɗi, to a bari, duwatsun ba inda za su.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Lemon Timiya ya nuna, rana ba ta da zafi can, sai dai sanyin dare ba irin hunturun da ka sani ba ne, a kan tudu ruwan buta yakan wayi gari da ƙanƙara a samansa. Ka tafi da bargo biyu da rawani. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi ya wuce misali. Damina gajera ce, Yuli zuwa Satumba, ƙasar tana yin kyau ƙwarai amma ƙoramu na da haɗari. Ana iya yin ruwa a dutsen da ba ka ko hangowa, kai kana cikin rana tarwai, sai ambaliya ta iso. A Satumban 2009 haka ruwan ƙoramar Telwa ya rushe gidaje masu yawa a Agadas. Komai laushin yashin ƙorama, ba a kwana a cikinta da damina.

In wuce Agadas kai tsaye ko in tsaya?

Ka tsaya kwana biyu aƙalla. Masarautar Abzin ta kafu tun ƙarni na 15, sarki kuma yana nan a fadarsa. Babban masallacin an gina shi a 1515, aka sabunta a 1844, hasumiyarsa ta laka ce zalla, tsawon mita 27. Matakalar ciki tana ƙara matsewa kana hawa, sai ka sunkuya kafin ka fito sama, daga nan kuwa kana ganin tsohon gari gaba ɗaya da duwatsun da za ka nufa. Unesco ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Gidan da matafiyin nan Bajamushe Barth ya sauka a 1850 yana nan ana nunawa. Idan zuwanka ya dace da farkon Muharram za ka tarar da bikin Biyanu. Hausa ake yi a kasuwa, ba za ka ji baƙunta ba.

Me ke cikin Timiya da ake ta yabonta haka?

Ruwa da wahalar mutane. Garin yana kwance a bakin ƙorama, baƙin dutse ya tsaya a kansa, lambuna sun jeru an kewaye su da shinge. A ciki akwai lemon zaƙi, lemon tsami, wani babban lemo mai ɗan ɗaci, rumman, inabi, ɓaure da dabino, ƙarƙashinsu kuma alkama da masara da albasa.

Na yi hantsi guda a lambun wani dattijo ina kallon yadda ake ban ruwa da abin da suke kira takarkart. Itatuwa ne aka kafa a bakin rijiya da ƙarfen juya igiya a sama. Jikansa, yaron da bai fi shekara goma ba, yana jan raƙumi gaba, wasaki na tasowa, yana isowa baki sai ya kife da kansa cikin kututturen goruba da aka fafe, ruwan ya bi 'yar magudana. Yaron ya juyo da raƙumin, wasaki ya koma. Dattijon yana can ƙarshen lambu da ƙaramar fartanya, yana buɗe wa wannan fangali yana toshe wancan da ƙafarsa. Na ce masa, "Baba, maƙwabcinka ga shi da inji, kai me ya hana?" Ya ce, "Ɗana, inji yakan shanye rijiya kafin azahar, raƙumi kuwa yana jira ta taru." Yawancin lambuna yanzu injin suke amfani da shi, ya kuma rage musu wahala, amma kukan raguwar ruwan rijiyoyi na ji shi a bakin mutum fiye da ɗaya.

Da la'asar ka hau tudun da Faransawa suka gina barikinsu a shekarun 1950, wanda ake kira Fort Massu, ka kalli garin da lambunan daga sama lokacin da awaki ke dawowa. Tafiyar 'yan kilomitoci daga gari kuma akwai inda ruwa ke zubowa daga dutse cikin wani gurbi mai sanyi. Bayan damina ya fi ƙarfi. Makiyaya na shayarwa a wurin, don haka ba a wanka da sabulu a ciki.

An ce Asode kufai ne. Me za a gani a kufai?

Asode yana kan hanya tsakanin Timiya da Iferwan. A da shi ne babban garin Kel Ewe, mazaunin shugabansu da ake kira Anastafidat, kuma zango ne ga fataken da ke tsakanin Gat ta ƙasar Libiya da ƙasar Hausa. Yau babu kowa. Bangayen gidajen dutse suna tsaye ba rufi, ana gane lunguna, ana gane babban masallaci da alƙiblarsa, tsingaro kuma ya cika ƙasa.

Garin ya fara ja baya tun kafin Turawa su zo, da fataucin arewa ya yi rauni. Abin da ya ƙarasa shi yaƙin Kawsan ne, wani jagoran mayaƙan Abzinawa. A Disamban 1916 Kawsan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya har zuwa Maris na 1917. Da Faransawa suka karɓe garin, da taimakon Ingilishi daga Najeriya, ramuwar da suka yi ta yi muni. An kashe malamai a Agadas, an ƙone ƙauyuka, an kwashe raƙuma, aka kuma tilasta wa mutanen duwatsu sauka. Da yawa sun gudo kudu, zuriyarsu na nan a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram. An kashe Kawsan a 1919 a ƙasar Libiya, Tagama ya rasu a hannun Faransawa a Agadas a 1920.

Ni ban iya surutu a Asode ba. Jagoranmu ya cire takalmi kafin ya shiga kufan masallacin, muka bi shi, muka yi wa mazauna wurin addu'a. Kada ka ɗauki ko tsingaro ɗaya ka sa aljihu, kada kuma ka hau bango don ɗaukar hoto, duwatsun jere suke kawai, suna zubewa.

Bagzan fa, gaske ne sai da ƙafa?

Yadda mutanen wurin suka saba hawa ke nan, ƙafa da jaki. Ana barin mota a gindin dutse, a ɗora kaya a kan jakuna, a kama hanyar da ke lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu na sa'o'i da yawa. Da asuba ake tashi. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya yi shawara da kansa tukuna. A sama fili ne mai faɗi da ƙananan ƙauyuka da idanun ruwa, ana noman tafarnuwa, albasa, dankalin turawa da alkama, duk kuma a bayan jaki suke saukowa. Matan Bagzan sun yi suna a duk Abzin wajen sanin maganin itatuwa. A gindin dutsen ta gabas akwai Tabelot, inda buhunan albasa ke cika motoci zuwa kudu.

In da za a ce in zaɓi wuri ɗaya in sake komawa, Bagzan zan zaɓa, saboda daren wurin. Babu ƙarar inji, taurari kamar ka miƙa hannu.

Ina ake ganin zanen duwatsun da ake faɗa?

Wurare da yawa, amma mafi sauƙin kaiwa Dabus ne, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit. An sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, da zanen jikinsa dalla-dalla, masana kuma sun ce ya kai shekara 6,000 ko fiye. Wanda ya zana su ya gan su ne da idonsa, lokacin da ƙasar take da ciyawa da tafkuna. A wasu duwatsun za ka ga shanu da jiminu da Tifinag, wato rubutun Abzinawa. Ba a taka su, ba a zuba musu ruwa don hoto ya fito.

Iferwan kuwa tana ƙarƙashin dutsen Tamgak, a nan ake bikin Abzin da aka fara a 2001, da sukuwar raƙuma da kiɗan tende. Daga can ake fita gabas zuwa Arakaw da Temet, inda tuddan rairayi ke jingina da baƙin dutse. Wannan ɓangaren shi ya fi buƙatar izini da rakiya.

Akwai namun daji?

Akwai, amma sun ragu ƙwarai. Barewa, ragon dutse, agwada, dila, da birai a kwazazzaban Tamgak. Jiminar daji ta ƙare sai waɗanda ake kiwo don a mayar. An keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, hekta miliyan 7.7, Unesco ta karɓe shi a 1991, shekara ɗaya bayan nan ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari. Farauta da mota ce ta yi ɓarnar. Idan wani ya yi maka tayin naman barewa ko ɗanta, kada ka saya.

Za a ji Hausata? Akwai abin da zan kiyaye?

Maza kusan duk suna ji, albarkacin ayari. Mata da yara a ƙauyukan tudu harshensu na Tamajak suka fi yi. Ka riƙe "tanammert", wato na gode, da "alher ghas", wato sai alheri, za ka ga fuska ta sake.

Abu mafi muhimmanci, ka kiyayi kalmar Buzu. Mu mun saba kiran kowa da ita ba da wata manufa ba, amma a can tana nuni ga asalin bauta, tana kuma ɓata rai. Ka ce Ba'abzine ko Abzinawa. Kada ka ce wa namiji ya sauke amawali don hoto, kada ka ɗauki mace ba da izininta ba. Mata a can suna zama a yi hira da su, su ke da tanti da awaki, wannan al'adarsu ce, a ba su girmansu. Gaisuwa doguwa ce kuma a hankali ake yin ta, ɗaga murya abin kunya ne. A bakin rijiya kuma dabbobin da ka tarar su ke da layi.

Ci da kwana fa?

A Timiya da Iferwan akwai ƙananan masaukai, sauran wurare tabarma ce da bargo. Za ka ci tuwon gero da nonon akuya, da tagella, gurasar da ake binnewa cikin toka da yashi mai zafi a kakkaɓe a gutsuttsura cikin miya. Akwai egajira, 'yar'uwar furarmu, gero da cuku da dabino aka daka tare a dama da ruwa, ita ce guzurin ayari. Shayi zagaye uku ne, ba a tashi bayan na farko. Ka tafi da magungunanka, asibiti mai kayan aiki yana Agadas ko Arlit. Waya tana kamawa a manyan garuruwan, tsakaninsu kuwa shiru.

Nawa zan tanada?

Mota da mai su ke cin kuɗin, sai direba, jagora, abinci da hayar jakuna. Ku haɗu huɗu ko biyar ku raba. A yi ciniki a Agadas a fayyace kwana nawa, wa ke sayen mai, wa ke biya idan mota ta lalace. Mu ba mu fayyace na ƙarshen ba, da ƙafafun mota biyu suka fashe mana kafin Asode sai da jagora ya shiga tsakaninmu da direba. Ka canza kuɗinka zuwa sefa, ƙanana, tun daga birni. Ka kuma tuna lissafin Nijar da dala ake yi: in an ce maka ashirin, sefa 100 ake nufi, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000.

Wace tsaraba zan kai, wace zan kawo?

Ka kai shayi da sukari, a ba uwar gida ko dattijon zango a hannu. Kada ka raba wa yara kuɗi ko alewa a hanya, in kana da niyyar alheri ka kai littattafai da alƙaluma wa malamin makarantar ƙauyen. Na dawowa kuwa, ka sayi cuku da dabino da lemo a lambun da aka nome su. Maƙeran Abzin suna ƙera sarƙar azurfa, kowane gari da tasa siffar, ta Agadas daban, ta Timiya daban, ta Iferwan da ta Bagzan daban. Ka saya a hannun maƙerin da ka gani a bakin zugazuginsa, ka juya bayanta ka duba, da yawansu suna sa sunansu da Tifinag.